Faɗa da Jamusanci

"Ni dai na riga na ɗauki baƙin ciki," in ji Othman, yana buga littafinsa a kan benci. "Tun jiya na faɗa. Kada wanda ya taɓa mini shi."

"To ni fa?" tsoho Abdulwahid ya tambaya. "Makon jiya fushi kuka ba ni, wancan makon ma fushi. Halas, na gaji da fushi."

"Ɗauki tsoro, ya ammi."

"Tsoron wa, da furfurata? A ba ni gajiya. Ita ko ba komai ina da ita."

Direbobi tara ne a ɗakin katakon, dukkansu ma'aikatan wani kamfanin Jamusawa da ke faɗaɗa tashar jiragen ruwa ta Jidda, kuma rabo suke yi: suna raba wa juna abin da kowa zai ji a zuciyarsa kafin malami ya shigo. Ranar jarrabawar babi na tara ce, babin faɗin abin da ke rai. Na'ibi na zaune a bencin gaba, ya ɗora hularsa a gwiwa, bai sa musu baki ba.

Wanda ya ja musu wannan karatu wani direba ne, Idris. Kwana huɗu ya yi yana tuƙi da zazzaɓi, duk injiniyan da ya tambaye shi lafiya sai ya ce alhamdulillahi, har ranar da ya yanke jiki ya faɗi a ƙofar ofis. Rahoto ya tafi Jamus. Manya suka zauna, suka yi nazari mai zurfi, suka gano inda matsalar take: direbobin ba su da kalmomi. Suka aiko da malami mai suna Ditmar, da littafi, da wani allo mai fuskoki goma sha biyu, wata na dariya, wata na kuka, wata ta zare ido. Babu wanda ya yi tunanin tambayar Idris. Da an tambaye shi, da ya ce mutum mai mutunci ba ya kai ƙarar Ubangijinsa wurin ɗan'uwansa bawa, balle wurin Bature.

Direbobin ba su so su kunyata baƙo, sai suka samo dabara. Tunda so yake a ji wani abu, to a ji, amma a kan abin da babu shi. Othman ya ƙirƙiri jaki, kuma tun da aka fara babin jakin nan ya mutu sau uku. Malam Ditmar ya yi masa ta'aziyya duka ukun, ya kuma rubuta wa manyansa cewa fiye da kashi tamanin cikin ɗari na direbobi sun fara jin wani abu.

Na'ibi ne ya hana lissafin cika. Ba ya ƙarya, ba ya kuma ƙorafi, sai ya zama ba shi da abin faɗa. A nahawu kuwa babu mai ja da shi. Shi ya fara gane cewa Bajamushe zama baƙin ciki yake yi, *ich bin traurig*, amma tsoro mallakarsa yake yi kamar akuya, *ich habe Angst*, farin ciki kuma mutum ne ke yi wa kansa, *ich freue mich*. Yakan jero su tiryan-tiryan: yana baƙin ciki, tana baƙin ciki, suna baƙin ciki. Layin "ni" ne kawai idan ya zo kansa sai tari ya kama shi.

Yau ma ba jarrabawar ce ta dame shi ba. Maganar da matarsa Barakatu ta yi masa da safe ce ta tsaya masa a rai. Ya same ta durƙushe a tsakar gida tana cusa kuka da yaji da dabino a akwatin ɗansu na fari, wanda kamfanin ya zaɓa zai tura Hambug ta Jamus ya yi shekara uku yana koyon aikin lantarki.

"Ya Malam, isma', saurara," ta ce, ba ta ɗago ba. "Jirgi ƙarfe biyar ne. Ka san abin da Rafi'u ya ce mini jiya?"

Na'ibi ya yi kamar yana neman takalminsa. Barakatu haihuwar Jidda ce, ita da uwarta, don haka sunan ɗan fari ba ya yi mata nauyi a baki.

"Cewa ya yi, 'Ummi, in sun ba ni aiki can, zama zan yi. Wa zan dawo wa? Abuya ko sunana bai sani ba.'"

"Ni na yanka ragon sunan."

"To ragon ya ji. Shi bai ji ba." Ta danne akwatin da gwiwa. "Shekara ashirin da uku, 'kai yaro, kai yaro.' Wallahi in ya tafi a haka, ba za ka ƙara ganinsa ba sai a hoto. Na gaya maka."

Me zai ce mata? A Haɗeja, inda aka haife shi, ɗan fari ba a kama sunansa, ba a yabonsa a gaban mutane, ba a ma kallonsa da kyau. Kunya ce, kuma duk wanda ya san gida ya san gwargwadon kawar da kai, gwargwadon ƙauna. Amma yaron a unguwar Nuzla ta Jidda ya tashi, inda Balarabe ke ɗaukar ɗansa a kafaɗa yana sumbatarsa a tsakiyar kasuwa, har ma da sunan ɗan ake kiran uban. Kullum masu shago sai sun ƙwala wa Na'ibi kira, "Ya Abu Rafi'!" shi kuma ya wuce kamar da wani ake. Bai taɓa tunanin yadda abin yake a idon yaron da ke biye da shi a baya ba.

Kuma ko ya so canzawa, akwai Hajiya Dela, mahaifiyarsa, wadda ke ɗakin ƙofa. Ita ta taso da shi a ƙafa yana ɗan shekara tara, ta Fallomi, ta Sudan, suna noma wa mutane suna ƙara gaba, shekara shida kafin su ga teku. Shi ma ɗan farinta ne, kuma tun da ya buɗe ido bai taɓa jin sunansa a bakinta ba. "Kai wannan" take ce masa. Duk unguwar ita ake tsoro a kan abin da ya shafi ta ido. Daren farko da ya hau soro yana maimaita darasi, da safe ta tare shi ta ce, "Kai wannan, wa kake yi wa faɗa jiya a sama?" Ya ce karatu ne. Ta ce, "Yaren da gaisuwarsa ma faɗa ce."

Ƙofa ta buɗe, Malam Ditmar ya shigo, dogo, rana ta mayar da shi ja jawur, rigarsa ta jiƙe da gumi tun ƙarfe tara. Ya aje takardu, ya yi bayani da Larabcinsa mai ɗingishi: kowa zai tashi ya faɗi abin da yake ji yau, da dalili, cikin cikakkiyar jimla.

Othman ya tashi ya sake kashe jakin. Ya yi shi da kyau, har da karyar da murya. Malam ya girgiza kai cikin tausayi, ya ba shi maki cikakke. Abdulwahid ya ce ya gaji saboda ya tsufa, aka tafa masa. Aka samu mai kishi, da mai mamaki, da wani da ke kewar Iskandariyya, garin da bai taɓa zuwa ba.

"Malam Na'ibi," in ji Ditmar, yana murmushi, don ɗalibinsa ne na gaban goshi. "Kai yau taka mai sauƙi ce. Na ga takarda a ofis. Ɗanka zai tashi da yamma, shekara uku. *Wie fühlen Sie sich?* Me kake ji?"

Abdulwahid ya sunkuyar da kai, don ya san an taɓo inda ba a taɓawa.

Na'ibi ya miƙe ya gyara riga. "*Mir geht es gut. Gott sei Dank.*" Lafiya lau, godiya ga Allah.

"Wannan babi na ɗaya ne. Muna babi na tara." Ditmar ya ɗauki sanda ya nuna allo. "Wace fuska ce taka? Wannan mai hawaye? Wannan mai alfahari?"

Na'ibi ya dubi fuskokin goma sha biyu. Gaskiya ita ce ya ga tasa a guda huɗu. Tun da takardar tafiyar ta fito bai yi barcin kirki ba. Yana tsoron sanyin ƙasar, yana tsoron abincinta, yana tsoron yaron ya ji daɗinta. Ranar da aka kira sunayen waɗanda aka zaɓa su tafi kuwa, sai da ya shiga bayan motoci ya yi sujada. Amma a gaban mutum takwas, 'yan unguwa ɗaya, waɗanda kafin azahar labari ya isa ɗakin ƙofa?

"Babu tawa a ciki, Malam."

"To mu sauƙaƙa. Ka ce, 'Sunan ɗana kaza.' Jimla ɗaya."

Gumi ya karyo wa Na'ibi. Ya dubi fankar sama.

"Ya ustaz," Abdulwahid ya sa baki, "a wurinmu na farin ba a..."

"Ba na tambayar al'ada, ina tambayar zuciya!" Ditmar ya aje sandar. Ba mugu ba ne, mutum ne kawai da ya yarda da littafinsa. Ya ja takardar Na'ibi ya rubuta, yana karantawa a fili: "Nahawu, madalla. Abin da ke rai, babu." Sannan ya dube shi da tausayi irin wanda yake yi wa mai jaki. "Ka yi haƙuri, za ka maimaita babin. A ƙasarmu, Malam Na'ibi, abin da ba a faɗa ba, ba a ji shi ba."

Faɗuwar ba ta dame shi ba. Jimlar ƙarshen ce ta bi shi har mota, ta zauna kusa da shi har Nuzla. Ƙasar da yaron zai je ke nan. Shekara uku zai yi cikin mutanen da za su tambaye shi, me ubanka ya ce maka da za ka taho? Ya ce ba komai. Su kuma su buɗe littafinsu su gaya masa ma'anar ba komai.

Bayan la'asar rabin unguwa ta kwaso zuwa filin jirgin Kandara. Mata da yara a bayan a-kori-kurar Othman, Abdulwahid a gaba, Na'ibi kuma a tsohuwar fijonsa da Hajiya Dela da Barakatu da matafiyin. Duk hanya babu abin da ya haɗa shi da yaron sai "Rufe ƙofar da kyau."

Zauren tafiya ya cika maƙil. Dab da su wani attajirin Bahijaze ya rungume ɗansa yana kuka wiwi, yana sumbatar goshinsa, yana kiran sunansa kamar mai tasbihi. Hajiya Dela ta taɓe baki. "Dubi gandamemen mutum," ta ce. "Allah ya raba mu da rashin ta ido." Ita kuwa da yake jika abokin wasa ne, ta riƙe hannun Rafi'u gam. "Angona, ka ji ni da kyau. In ka dawo kana cin tuwo da cokali, na fasa auren."

"Abadan, ya sitti," Rafi'u ya ce yana dariya. Ya bi mutane ɗaya bayan ɗaya, ya rungumi uwarsa, ya sha addu'o'i. Da aka kira fasinjoji, ya zo gaban ubansa ya rusuna.

Na'ibi yana tsaye gefe, hannu a baya, yana karanta wata sanarwa a bango kamar a kanta zai yi jarrabawa.

"Abuya, ana mashi. Zan tafi."

"To. Allah ya kiyaye hanya. A riƙe salla."

Rafi'u bai tashi nan da nan ba. Ya ɗan jira. Da ya ga babu ƙari, ya miƙe, ya saɓa jakarsa, ya juya. Barakatu ta watso wa mijinta wani kallo, ta rufe fuska da mayafi.

Taku goma yaron ya yi. Na'ibi yana ƙirga su. Ya ga ƙeyar nan da ya sani tun tana jaririya, wadda ita kaɗai yake iya kallo son ransa, don mai ita ba ya gani. Zuciyarsa ta karye, ya ji in yaron ya shige ƙofar can shi ke nan. Ya waiwaya ya ga mahaifiyarsa tana kallonsa, sai maganarta ta faɗo masa: yaren da gaisuwarsa ma faɗa ce.

Ya murtuke fuska. Ya ɗaga yatsa.

"Kai!"

Rafi'u ya juyo. Zauren ma ya juyo.

"*Ich habe Angst!*" Na'ibi ya daka tsawa. Tsoro nake ji. Ya taka gaba yana kaɗa yatsa, idanu a zare. "*Ich bin traurig!*" Baƙin ciki nake yi. Tarin bai zo ba. Layin "ni" ya buɗe kamar famfo, kuma ko kuskure ɗaya babu. "*Ich bin stolz auf dich*, Rafi'u, *mein Sohn! Du wirst mir fehlen!*" Ina alfahari da kai, ɗana, zan yi kewarka. Sunan a tsakiya ya cusa shi, da ƙarfi, ya gurza ra ɗin a maƙoshi yadda Ditmar ke yi. "*Komm zurück!*" Ka dawo.

"La ilaha illallahu," wata mata ta ce. "Har a filin jirgi? Me yake ce masa?"

Othman, wanda ya ji komai sarai, ya buɗe baki. Abdulwahid ya taka masa ƙafa.

"Cewa yake," in ji tsohon, bai ko ƙifta ido ba, "in ya kuskura ya sha giya a can, sai ya karya masa ƙafa."

"Madalla da uba!" mutane suka ce. Attajirin nan ma ya saki ɗansa yana kallo, da alamar ya ga inda ya yi sake.

Jakar ta zame daga kafaɗar Rafi'u. Ya tsaya baki buɗe, ya dubi ubansa, ya dubi kakarsa, ya dubi taron. Yaro ne mai kaifin ƙwaƙwalwa, ba a banza aka zaɓe shi ba, kuma kamfanin ya koya masa Jamusanci saboda tafiyar. Ya sunkuyar da kai, ya haɗa hannuwa a gaba kamar wanda ake yi wa wankin babban bargo, hawaye na ɗiga a kan takalminsa.

"Faɗan ya shige shi," wani ya ce.

"*Ich komme zurück*, Abuya," Rafi'u ya ce a hankali. Zan dawo. Ya ɗauki jakarsa ya tafi, sau biyu yana waiwaye, sau biyu Na'ibi yana ƙara kaɗa masa yatsa.

Suka kamo hanyar gida. Barakatu na baya tana share ido, tana kuma danne wani abu mai kama da dariya. Ba ta jin Jamusanci, amma ta san fuskar ɗanta. Hajiya Dela na gaba tana jan carbi. Sai da suka wuce Bab Makka ta yi gyaran murya.

"Kai wannan."

"Na'am, Hajiya."

"Cikin faɗan nan naka na ji wani abu kamar suna."

Na'ibi ya ƙara riƙe sitiyari. "Kalmar Jamusanci ce, Hajiya."

"Haka na zata." Ta ja ƙwaya uku. "Faɗan ya yi kyau. Ban taɓa ganin wanda ya ratsa yaro haka ba. Koya mini guda, saboda yaran gidan nan da ba sa jin Hausa. Wancan na tsakiya, mai kama da atishawa."

Ba shi da yadda zai yi. Ya faɗa mata a hankali, gaɓa-gaɓa. Ta gwada, harshe ya sarƙe. Ta sake. A karo na huɗu ta aje carbin a cinya, ta juyo gaba ɗaya, ta haɗe rai, ta ɗaga masa yatsa dab da hanci.

"Ish bin shitolsi af dish," ta ce da ƙarfi, "Na'ibi."

Motar ta ɗan yi tangal-tangal. Hajiya Dela ta mayar da fuskarta ga taga, ta ɗauki carbinta.

"Ita ma wannan ta ƙarshen," ta ce, "kalmar Jamusanci ce."

Na'ibi, wanda ya yi shekara ashirin da biyar yana tuƙi a Jidda, ya wuce kwanar Nuzla bai gan ta ba. Babu wanda ya ce masa ya juya.